Manabe Mai Aski da Bishiyar Surukinsa

"Ka ga Manabe kuwa yau?"

"Na gan shi. Ya rungumi kaskon nan yana zagaya gida da shi kamar mai rarrashin jariri."

"Jiya tana bakin ƙofa, shekaranjiya tana bayan ɗakin wanka. Bishiyar nan ta fi ni yawo, ni da nake da keke."

"Kai dai bari. Ba za ta ga kaka ba."

"Anya?"

"Je ka dubi ganyen. Da tsohon da ya bar ta zai leƙo daga kabari, ai sai ya koma da gudu."

"Rage murya. Miƙo min albasar nan."

Tokuji Manabe yana bayan ginshiƙi a cikin shagon taliya, a ɗan teburin da ke kusa da tukunyar romo, bai ɗago kai ba. Ya san muryoyin nan biyu. Kawunan ma ya san su, don ya shekara da shekaru yana aske su, har ya san inda gashin kowannensu yake murɗewa a ƙeya. Ya ajiye tsinkayen cin abinci a kan kwano, ya bar rabin taliyar udon ɗinsa, abin da mai shagon ba ta taɓa ganin ya yi ba, ya sulale ta ƙofar gefe. A waje zafin ƙarshen Agusta ya rufe shi kamar tawul ɗin da yake ɗora wa mutane a fuska kafin ya sa aska. Ya nufi gida, ya fasa, ya bi hanyar tafki, ya sake fasawa. Yatsunsa biyu na dama suna ta buɗewa suna rufewa a cikin aljihu.

Duk wanda ya tashi a unguwar tashar jirgin ƙasa ta Kinashi ya san shagon Manabe, mai kujeru biyu da dogon madubi da rediyon da ba ya hutawa. Shi ne na uku a gidan manoman shinkafa, gona kuwa ba ta isa a raba ba, sai aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Osaka tun gemu bai tsiro masa ba, ya je koyon aski. Can ya daɗe yana wankin tawul da sharar gashi kafin a yarda ya taɓa kan mutum. Ya dawo gida da hannu mai sauri, da kuma wata ɗabi'a da ba ta sake shi ba: almakashinsa ba ya yin shiru. Ko ba ya yanka komai, sai ka ji shi ƙyas-ƙyas-ƙyas a iska dab da kunnenka, yana ba ka labari, yana neman inda zai ƙara taɓawa. In ya gama, ya cire maka mayafi, ya kakkaɓe maka kafaɗa, sai ka kai bakin ƙofa ya ce dawo, ya hango wani gashi guda ya miƙe. Mutane suka saba. Wasu sukan kai ƙofa su tsaya, suna jiran kira. A jirgin ƙasa ba ya iya zama bayan mai suma buzu-buzu, sai ya tashi ya sauya kujera.

Matarsa Sumie 'yar Kinashi ce gaba da baya. Mahaifinta, tsoho Genzo, ma'aikacin gidan waya ne da bai san wani nishaɗi ba sai bonsai, wato renon ƙananan bishiyoyi a kasko, kuma ko a garin da kowane bayan gida akwai benci jere da kasake, ana sara masa. Mutum ne da yakan zauna gaban bishiya da kofin shayi tun da sassafe, rana ta yi tsaka ya miƙa hantsaki ya cire allurar ganye biyu, ya tashi ya ce yau ya sha aiki. Ranar da Tokuji ya zo neman aure, kafin a gama gaisuwa ya gyara zaman matashin da aka ba shi, ya juya kofin shayi, ya tsince zare daga hannun rigar ɗan rakiyarsa. Tsohon yana kallo. Bayan sun tafi ya ce wa 'yarsa yaron kirki ne, zai riƙe ta da kyau, amma shi dai kallonsa kaɗai ya gajiyar da shi.

Da ciwon ajali ya kama Genzo, ya rarraba bishiyoyinsa ga abokai, ya bar guda ɗaya. Bishiyar baƙin matsu ce, mai ganye siriri kamar allura, wadda ya haƙo da hannunsa daga tsagin dutse a wani tsibiri tun yana saurayi, lokacin da ba a hana haƙarsu ba. Tsawonta bai wuce gwiwar mutum ba, gangar jikinta ta kwanta gefe ɗaya kamar har yanzu iskar teku tana tura ta, ɓawonta ya tsattsage kamar bayan kunkuru. Ita ya bar wa 'yarsa. Sumie ba ta iya aikin bishiya ba, saboda haka ban ruwa ya faɗa hannun Tokuji. Bishiyar kuwa ta yi sa'a a shekarun nan, domin shago ya cinye shi. Ya zuba mata ruwa da safe a guje, ya zuba da yamma a guje, sau ɗaya a shekara kuma Malama Kozai mai gandun matsu na bayan tafki ta zo da kayan aikinta ta yi abin da ya kamata, ta sha shayi ta tafi.

Sai aka wayi gari masu zuwa aski suna raguwa. Wasu sun mutu, wasu gashin ne ya mutu ya bar su, samari kuma sun koma shagunan cikin birni. Ya haura saba'in ya rufe shago, ya dawo gida da hannaye biyu da ba su da abin yi. Ya gyara duk ƙofar da take ƙara, ya datse shingen gidansa, ya datse na maƙwabci ba a roƙe shi ba. Daga nan ya shiga ƙungiyar masu bonsai da ke haɗuwa a zauren unguwa, ya sayi almakasai iri-iri da wayar tagulla, ya cika benci da ƙananan bishiyoyi na koyo. Kaɗan ne suka kai shekara. Sumie takan ga busasshen kasko a bayan gida ta ce masa wannan ma ta tafi ke nan, shi kuma ya ce ƙasar ce ba ta da kyau. Ba ta damu ba, tunda ba ta Babanta ba ce.

Abin ya soma ne da wata magana da shugaban ƙungiya ya yar a wajen shan shayi. Ya ce a baje kolin Nuwamba, da bishiyar Genzo tana cikin kasko mara zurfi wanda ya dace da ita, babu wadda za ta hana ta gurbin girma na tsakiyar zaure. Tokuji ya dawo gida da maganar tana masa yawo a kai. Ya shekara yana zuwa zauren nan ana kiransa mai aski, ana ce masa ya zo ya ga yadda ake riƙe almakashi. Kafin sanyi ya janye ya samo kasko mai launin toka, mai faɗi, mara zurfi. Da Maris ya kama ya zare bishiyar daga tsohon gidanta, ya tarar saiwoyi sun yi yawa ba za su shiga ba. Ya rage. Ba su shiga ba. Ya ƙara ragewa, sannan ya daidaita gefen da ya ga ya fi tsawo.

Yana cikin share saiwoyin da ya yanke Malama Kozai ta wuce a 'yar motarta ta ɗaukar kaya. Ta ja birki, ta sauko, ta dubi tarin da ke ƙasa, ta dubi kaskon. Mace ce gajera da rana ta gasa, ta girme shi, kuma ba ta taɓa iya sassauta magana ba. Ta ce masa abin da ya yi ya riga ya yi, amma ya buɗe kunne: tsohuwar bishiya aiki mai nauyi ɗaya take ɗauka a shekara, kuma ta ɗauki nata na bana har da ƙari. Kada ya yanke mata toho, kada ya naɗa mata waya, kada ya yi mafarkin Nuwamba. Ya ba ta ruwa in ƙasa ta bushe, ya tafi ya nemi abin yi. Ya ce ya ji. Ta ce ta san ya ji, hannunsa take yi wa magana.

Ya yi ƙoƙari, wannan kowa ya shaida. Afrilu ya wuce, Mayu ya wuce, toho ya miƙe a kan rassa kamar kyandirori, sabon ganye ya buɗe dogo-dogo, bishiyar ta yi gashi ya rufe mata ido. Yakan tsaya gabanta ya harɗe hannu a baya ya riƙe ɗaya da ɗaya. Ya koyi fita yawo da sassafe. Ya bi Sumie kasuwa har ta gaji ta ce ya bar bin ta, yana jera mata kayan miya a kwando bisa tsawo.

Sai damina ta sauka a Yuni, lokacin da duk Kinashi ke yanke tohon baƙin matsu, don wani ya fito a madadinsa da gajeren ganye kafin kaka. Ko'ina ka bi mutane ne a tsugune ƙarƙashin malafa, ko'ina ƙamshin ƙaro ne da ƙarar almakashi, daga gandu zuwa gandu, daga bayan gida zuwa bayan gida. Ga mutumin da ya yi rayuwarsa cikin wannan ƙarar, abin ya zame masa kamar ana kiɗa a ƙofar gidansa an ce kada ya taka. Abokai suna tambayarsa ko ya gama nasa, yana cewa bana hutu take. A makon ne Sumie ta tafi Okayama duba 'yarsu Chizuru.

Toho ɗaya ya ce zai cire, wanda ya yi tsini a can sama ya ɓata siffar kan. Da ya cire sai ya ja da baya ya duba, kamar yadda yake yi a madubi, ya ga hagu ta fi dama nauyi. Ya taɓa hagu. Yanzu kuma dama ce ta yi yawa. Ruwa yana ɗiga daga bakin rufi, rediyon maƙwabci yana magana, shi kuwa hannunsa ya samu abin da ya daɗe yana nema, yana tafiya da kansa. Sa'ad da ya farga, babu toho ko ɗaya a jikin bishiyar, ƙasa ta yi kore shar da abin da ya zubar. Ta yi kyau kuwa. Bai taɓa ganin ta yi kyau haka ba.

Sumie ta dawo, ta ajiye jaka, ta leƙa bayan gida.

"Ka yi mata aski," ta ce.

"Kaɗan ne."

Ta shiga ciki ta ɗora shinkafa.

Bayan 'yan makwanni bishiyoyin maƙwabta suka fesa sababbin idanu kore-kore a duk inda aka yanke. Shi ma ya duƙa yana nema da tabarau, har da gilashin ƙara girma. 'Yan kaɗan suka leƙo a sama, ƙanana kamar ƙwayar gero. Rassan ƙasa shiru. Ya ce yunwa ce, ya jera mata dunƙulen taki. Ya ce ƙishi ne, duk wucewar da zai yi sai ya karkata mata buta. Ya ce rana ta yi yawa ya kai ta inuwa, ya ce inuwa ta yi yawa ya mayar da ita rana. Wani reshe ya fara ja, ya yanke shi, sannan ya naɗa wa na kusa waya ya lanƙwaso shi ya rufe gurbin. In ya hango motar Malama Kozai daga nesa sai ya ɗauke kaskon ya kai bayan ɗakin wanka. Ganyen ya bar sheƙi, ya koma launin tsohuwar tabarma. Haka ake ciki har ranar da ya ji hirar nan a shagon udon.

Da ya gama zagaye-zagayensa ya iso gida, ya tarar Sumie a tsugune gaban bencin, ba ta taɓa komai ba, kallo kawai take. Ya soma yi mata bayani tun kafin ya cire takalmi. Ya ce zafin bana ne ya fi na kullum, ya ce ya ji ana sayar da wani magani da ake narkawa a ruwa yana tayar da saiwa, ya ce wataƙila in ya mayar da ita tsohon kaskonta yau ɗin nan za ta farfaɗo, ga kaskon can ma ya wanke shi. Tana jin sa har ya ƙare. Sannan ta ce da suka je ziyarar kaburbura a tsakiyar wata, ta wanke dutsen kabarin Babanta, ta kunna turare, ta ba shi labarin jikoki da na kowa, amma da ta zo kan bishiya sai ta rasa abin faɗa, ta tashi.

"Baban Chizuru, ban taɓa hana ka wasanka ba. Ka kashe naka, na share. Amma duk abin da Baba ya taɓa da hannunsa ya ƙare, gidan ma an rushe. Ita kaɗai ta rage mini."

Ya shiga ɗaki ya fito, ya ɗauki buta ya ajiye, ya sake shiga ya fito da makullin mota. Ta zauna a kujerar baya ta ɗora kaskon a cinya, ta rungume shi da hannu biyu. Tafiyar ba ta da nisa, amma sai da ta ce masa ya rage gudu, sannan ta ce ya bar waiwaye ya dubi hanya.

Suka sami Malama Kozai a rumfar aikinta tana tankaɗe tsakuwa. Ba ta yi mamaki ba. Ta gaida Sumie da kyau, ta tambayi Chizuru da yara, ta ce wa Tokuji ashe yau bai samu zarafin ɓoyewa bayan ɗakin wanka ba. Ta sa aka ɗora kaskon a kan teburi mai juyawa, ta kwashe dunƙulen takin ta watsar, ta soka tsinke a cikin ƙasar ta zaro ta shinshina, ta miƙa masa ya shinshina shi ma. Warin kwata ne.

Ta ce saiwar da ya bar mata 'yar kaɗan ce, ya kuma cire tohon da zai ciyar da ita ta yi sabuwa, sannan ya nutsar da sauran a ruwa da taki. Bishiyar ba ta sha, shi kuma yana ta ɗura mata. Ya tambaya ko za ta rayu. Ta ce ba ta sani ba, kuma duk wanda ya ce ya sani ƙarya yake. Abin da za ta iya shi ne ta karɓe ta riƙo, kamar yadda take riƙe wa mutanen birni nasu. Za ta zare ta a hankali ba tare da ta girgiza saiwa ba, ta sa ta a akwatin katako da tsakuwa zalla, ta warware wayar, ta bar ta ta yi duk abin da ta ga dama. Rassan ƙasa wataƙila sun tafi. In ta rayu za ta yi tsiro ta ko'ina, ganye dogo, kai buzu-buzu, siffar da Genzo ya yi rayuwarsa yana ginawa za ta ɓace a ciki. Sai ta yi ƙarfi sosai za a sake soma neman siffa, daga farko.

Tokuji ya soma ciniki. Ya ce Nuwamban bana dai ya haƙura, amma na baɗi fa? Ta girgiza kai. Ya ce to in a gida za a yi akwatin, ai yana da katako, yanzu ya gane kuskurensa. Ta ce a Maris ma ya gane. Ya ce to ya riƙa zuwa kullum yana taya ta ban ruwa, ba zai taɓa almakashi ba, ba ma zai zo da shi ba. Ta yi 'yar dariya ta ce wa Sumie ta ji mijinta, mutumin da zai datse shingen maƙwabci da farce in an ƙwace masa ƙarfe.

"Shekara nawa ke nan, Malama?"

"Toku, ni na kusa tamanin, kai kana bin bayana. Ita ba ta san da wannan ba, kuma ba za ta yi sauri dominmu ba. Wataƙila ka sake ganinta a kasko, wataƙila Chizuru ce za ta gani."

Jirgin ƙasa ya wuce can ƙasan tudu, gyare suka ci gaba da kukansu a cikin itatuwa. Yana ji a ransa cewa akwai wata dabara da ba a gwada ba, kullum akwai, abu kaɗan ne ya rage a gyara. Ya zagaya teburin, ya dawo, ya sake zagayawa. Sumie ta tsaya riƙe da jakarta a gaba, tana kallon gangar bishiyar inda ɓawo ya fi tsagewa.

Sai ya lura matan biyu sun daina kallon bishiya, hannunsa suke kallo. Ya duba. Tsakanin yatsunsa akwai busasshiyar allurar ganye da ya tsinke ba tare da ya sani ba, tare da ita kuma ƙaramin idon toho ya biyo, kore, ɗanye, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan ɗin da suka fito a sama. Ƙaro ya taru a inda ya fita, ɗigo guda.

Ya daɗe yana kallon abin a tafin hannunsa. Ya rasa inda zai ajiye shi, ya sa a aljihun riga. Ya ja da baya taku ɗaya, ya ƙara ja, har duga-dugansa suka fita daga inuwar rumfar. Daga nan ya hangi gandun gaba ɗaya, layi bayan layi har gindin tudu, da hanyar tafki da ta bi ta gefensa, wadda yake bi kowace safiya. Ya cire hularsa ya sunkuya, ya daɗe bai ɗago ba.

"Malama, ki karɓe ta. Ki kai ta can layin baya, inda ba a hangowa daga hanya. In Sumie ta zo ki nuna mata. Ni kuwa zan zo, na san kaina, zan zo da dalilai masu kyau. Ina roƙonki, ko me na ce miki, ki tsayar da ni a bakin ƙofa."